Wakilin Tumbun Rahama

Briqueterie, Yaoundé
Farkon watan Janairu

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Mairama da yaran duka. Yaya Kousseri, yaya aikin ofishin noma? Yaya tarin Lubna, ya sake ta? Mu nan lafiya ƙalau, sai gwiwata da ke tuna mini da shekaruna duk lokacin da zan hau tudun gidanmu. Ƙanwarka Mu'minat tana gaishe ka. Ɗinkin biki ya rufe ta, ko abinci a kan keke take ci.

Na ji saƙon da ka aiko a wayarta. Ka ce 'yan jam'iyya sun same ka kan ka tsaya takarar kansila a garin Zaman Dole, kuma sunan kakanka Wakili Na'Allah ne ya sa suka nufo ka, tunda har yau asibitin garin da sunansa ake kiransa. Kana son hotonsa da tarihinsa. Hoton ga shi na sa a cikin ambulan. Tarihin kuwa ba zan faɗe shi a waya ba, don abin da mutum ya faɗa a waya da safe, kafin la'asar ya zaga unguwa. Na fi son in zauna in rubuta, in ba direban motar arewa ya miƙa maka. Ka yi haƙuri da rubutun, hannun tsohuwar ungozoma ne.

Kai ka ci sunansa, shi ya sa ban taɓa kiranka da sunan yanka ba. Amma ba ka san shi ba sai a tsufansa, lokacin da yake zama a ƙofar gida yana ɓoye maka alewa a aljihun riga.

An haife shi a Tumbun Rahama, tsibirin nan da ke can cikin tafkin Chadi. A wancan zamani sai mutum ya yini a kwalekwale kafin ya hangi gaɓa. Ni ma can aka haife ni. Mutanen wurin masunta ne, Hausawa da Barebari da Kotoko, sun cuɗu da aure har ba ka iya bambance su sai in an tashi waƙar biki. Mahaifinsa mai taru ne, ba mai sarauta ba, ba malami ba. Yana saurayi wani likita Bafaranshe ya zo yawon rigakafin agana, ya nemi wanda ya san hanyoyin cikin ciyawa ya tuƙa masa jirgi, aka ba shi Na'Allah. Shekaru ya yi yana bin likitan nan tsibiri zuwa tsibiri. A nan ya tsinci Faransanci da kunne, wani ma'aikacin likitan kuma ya koya masa baƙaƙe a jikin kwalayen magani. Daga baya aka ɗauke shi tafinta a ofishin kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, a Kousseri.

Da Faransawa suka ce kowane yanki ya aika wakili majalisa a Yaoundé, sarakunan tudu 'ya'yansu suka tsayar. Mutanen ruwa suka duba, ba su da mai jin yaren Turawan sai shi. Mahaifiyata Jaratu ta ce a kwalekwale aka yi ta zagayawa da akwatin ƙuri'a, mata suna rufe shi da tabarma kada ruwa ya fantsa masa. Da ya ci, kwana aka yi ana kiɗa a bakin ruwa.

Ina ƙarama muka taho nan da shi. Wani mahauci, Alhaji Kabo, shi ya ba mu ɗaki a gidansa. Unguwarmu Briqueterie a lokacin gidajen ƙasa ne da hanyoyin jan laka, in aka yi ruwa sai ka cire takalmi ka riƙe a hannu. Sauran wakilai suna zuwa majalisa da kwat ko da rawani mai tsada, wasu har da mota. Shi da ƙafa yake sauka, cikin farar riga da mahaifiyata ke wanke masa da kanta. Suna masa dariya, suna kiransa depiten banda, wato ɗan majalisar kifin banda, wai in ya shigo ana jin warin kifi. Faransancinsa ma suna kwaikwayonsa a bayan ido. Ya sani, bai taɓa nuna ya ji ba.

Abin da ya kai shi ɗaya ne. A Tumbu babu ko mai ba da ƙwayar zazzaɓi. Mace in haihuwa ta zo mata a karkace, sai a shimfiɗa ta a kwalekwale a nufi gaɓa, kuma mafi yawa a hanya ake juyowa da gawa. Ya rubuta koke ya sake rubutawa, ana cewa babu kuɗi. Ran nan sai ya shiga majalisa da filafilin tuƙa kwalekwale a kafaɗa, masu gadi suna tare shi yana wucewa. Ya ɗora shi kan tebur gaban shugaban zama, ya ce ga likitan mutanensa ya kawo a gani, shi ke yanke wa matansu hukuncin rai ko mutuwa. Kafin shekara ta zagayo an gina ɗakin shan magani a Tumbu, an aika ma'aikaci da matarsa mai karɓar haihuwa. Ya kuma sa aka rage harajin da ake ɗora wa kowane jirgin kamun kifi.

Ni ce 'yar Tumbu ta farko da ta shiga lakol, wato makarantar boko. Mutane sun yi magana, ya ce shi ma yana son wata rana a ce likitar tasu ce. Da hutu in muka je gida, jirage ke fitowa taryensa tun daga nesa, mata suna guɗa, tsofaffi suna shafa masa kai kamar yaro.

Hannuna ya gaji, kuma an kira la'asar. Labarin bai ƙare ba, kada ka yi komai da hoton sai ka ji saura. Ka gaida Mairama, ka shafa mini kan yaran. Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka,
Hajara Na'Allah

Briqueterie, Yaoundé
Ƙarshen watan Janairu

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyalinka, da fatan kowa lafiya. Na ji daɗi da Lubna ta warke. Dabinon da Mairama ta aiko ya iso, Allah Ya saka.

Mu'minat ta nuna mini takardar da kuka buga don mannawa a bango: fuskarka a dama, ta kakanka a hagu, an rubuta Jikan Wakili da manyan baƙaƙe. Haba, Abba. Na ce ka jira, ka yi sauri. Ban ga laifinka sosai ba, rabin da na ba ka mai daɗi ne.

Ka taɓa tambayar dalilin da ya sa ake kiran garin nan Zaman Dole? A takardun gwamnati Sabuwar Rahama aka sa masa, amma ba wanda ya taɓa kiransa haka.

Ina wajen shekara goma ruwan tafki ya fara hawa. Damina ta zo ya ci gonakin bakin gaɓa, ta gaba ta zo ya shiga gidaje. Sai jita-jita ta tashi cewa Turawa za su kwashe mutanen Tumbu su kai su tudu. Mahaifina ya tafi gida, ya tsaya a ƙofar masallaci bayan Juma'a, ya ce muddin yana kan kujerar nan ba mai raba su da kaburburan iyayensu. Da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma a hanyarsa ta dawowa jirginsu ya bi ta unguwar masu banda inda ya yi wasa yana yaro, bai ga komai ba sai kan rumfuna. Da ya iso Yaoundé masu awon ruwa suka zaunar da shi, suka nuna masa inda suke tsammanin ruwan zai kai in an sake damina biyu irin waɗannan. A lissafinsu ba abin da zai saura.

Ni ke kai masa shayi a zaure, don haka na ji shawarwarin da aka yi ta ba shi. Alhaji Kabo cewa ya yi ya kwanta ciwon ƙarya ranar da majalisa za ta kaɗa ƙuri'a kan kwashe mutanen, a yi abin ba da hannunsa ba. Wasu wakilai suka ce ya tashi ya yi ta ihu yana ƙi, za a kayar da shi, amma zai koma gida gwarzo. Mahaifina kuwa ya ce ko ya ƙi ko ya yarda kwashe su za a yi, bambancin kawai, in ya yarda yana iya sa sharaɗi. Ya nemi a haƙa rijiyoyi kafin kowa ya taka wurin, a ba da hatsin shekara, a tashi asibitin a kai can, a kuma bari sai an gama kakar kifi. Aka ce an amince, aka rubuta. Ya ɗaga hannu.

A takarda komai ya tsaya daidai. A bakin tafki kuwa, kumandan da ke wurin yana son ya gama aikin kafin a canja shi. Bai jira rijiya ba, bai jira kaka ba. Ya aika 'yan doka da manyan jirage. Wanda ya ƙi fita aka doke shi, aka cinna wa bukkoki wuta don kada a koma. Aka zube mutane a wani fili mai ƙaya, ruwan sha sai na kududdufi ɗaya da dabbobi ke shiga. Amai da gudawa suka ɓarke. Yaran da aka binne a wannan shekara, Abba, har yau ba wanda ya san adadinsu. Asibitin an kawo shi daga baya, shi ne wanda kake gani da sunansa, amma ya zo bayan an gama binnewa.

Ruwan kuma ya hau kamar yadda aka ce. Ya ci masallacin da mahaifina ya tsaya a ƙofarsa, ya ci kasuwa da maƙabarta. Sai dai bai ci tudun tsakiya ba, inda gidaje da dama suke. Saboda haka gardamar ba ta mutu ba. Wani ya ce da an bar su da ruwa ya cinye su, wani ya nuna tudun ya ce ga shi nan a bushe.

Da labarin mutuwar yaran ya iso, mahaifina ya sa mahaifiyata ta haɗa masa jaka. Ya fita da safe zuwa tashar mota, kafin azahar sai ga shi ya dawo da jakar a hannu. Ya ajiye ta bayan ƙofa, ya shiga ɗaki. Mahaifiyata ba ta tambaye shi ba. Ya sake yin haka bayan 'yan makonni, ya kuma sake. Ana cikin haka tsohuwarsa ta rasu a Zaman Dole, wansa ya aiko cewa kada ya zo, ba zai iya kare shi ba. Daga nan aka kwance jakar.

Zaɓen da ya biyo baya ko tsayawa bai je ya yi a can ba, sunansa kawai aka sa, ya faɗi warwas. Aka sami 'yancin kai, sababbin mutane suka cika majalisa, ba mai tuna depiten banda. Ya sami ɗan tebur da kujera kusa da gidan waya, yana rubuta wa mutane wasiƙu da koke-koke da Faransanci. Da wannan ya ciyar da mu, da shi na gama karatun ungozoma. Bai ƙara cin kifi ba. Bai hana a dafa ba, shi dai ba ya sa hannu.

Yana da rai tafkin ya fara janyewa. Wani fatake ya gaya masa yanzu da ƙafa ake shiga Tumbu, har ana noman masara a inda jirage ke wucewa. Da ya ji, sai ya ce, “Ashe ruwan ma bai tsaya kan maganarsa ba.” Bayan wannan bai yi shekaru da yawa ba ya rasu, aka binne shi nan Yaoundé, nesa da ruwa.

Ni 'yarsa ce, ba zan iya yi masa alƙalanci ba. Wani lokaci in ce ya ceci rayuka, wani lokaci in ce da ya ƙi ɗaga hannun da aƙalla ya mutu cikin mutanensa. Na tsufa ban tsaya kan ɗaya ba. Samarin jam'iyyarku asibiti kawai suka sani. Amma akwai tsofaffi a garin nan, kuma ba su manta ba. Ka yi tunani kafin ka ƙara manna ko takarda ɗaya.

Ka gaida kowa da kowa. Ina yi maka addu'a a kowace salla.

Mahaifiyarka,
Hajara

Briqueterie, Yaoundé
Tsakiyar watan Fabrairu

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, yaya jikin Mairama da yara, yaya kuma ƙoƙari? Mu muna nan lafiya, ruwan farko ya sauka shekaranjiya, ya kashe mana ƙura.

Na karanta amsarka. Na ji zafin da ke cikinta, kuma kana da gaskiya da ka ce ya kamata ka san wannan tun kana yaro. A gidanmu ba a ta da maganar, haka muka tashi. Na kuma ji cewa an yayyage takardunka a tsohuwar unguwa, an shafa wa fuskar kakanka laka an bar taka. Ka ce kana tunanin ko ka janye, ko kuma ka kai ƙara. Kada ka kai ƙarar kowa. Ka saurari abin da ya faru da ni makon nan tukuna.

Wata mai kawo wa Mu'minat ɗinki, matar wani dillalin shanu a unguwar Etoudi mai suna Hamadu, ta ambata cewa surukinta ya zo daga arewa za a cire masa yanar ido. Da aka tambayi garinsu ta ce Zaman Dole. Mu'minat ta zo ta gaya mini tana dariya, wai ga ɗan garin da yayanta ke nema. Ni ban yi dariya ba. Kwana biyu ina juya abin a raina. Ranar Talata na sayi goro, na dafa masa fura da nono mai kyau, na tari taksi zuwa Etoudi.

Sunansa Malam Njidda. Tsoho ne dogo, ya ɗan girme ni, yana zaune kan tabarma a inuwar mangwaro, idanunsa sun yi fari fat. Muka gaisa, ya tambayi ko wace ce. Na ce Hajara ce, 'yar Na'Allah na Tumbun Rahama. Hannunsa da ya miƙo zai karɓi goron ya tsaya a sama. Na ɗauka zai ce a fitar da ni. Sai ya ce wa surukarsa ta kawo mini kujera, tunda ya ji ina nishi wajen durƙusawa.

Ya ce ya tuna ni, wai ni ce yarinyar da ke zuwa hutu da takalmi. Daga nan ya fara ba da labari, ba tare da na tambaya ba. Ranar da 'yan doka suka zo, mahaifinsa yana cikin ruwa wajen taru, shi ya goyi ƙanwarsa Saliha ya shiga jirgi da ita. Yarinya ce mai surutu, duk hanya tana tambayarsa ina za su. Ba ta yi wata biyu a tudu ba ta rasu. Shi ya riƙe fartanya aka haƙa mata, don manya sun yi ƙaranci, kowa yana da tasa gawar.

Na ce masa mahaifina ya sa sharaɗin rijiya, kumandan ne ya karya. Ya ce sun sani, tun a lokacin labari ya zo. Ya ce ruwan ma sun gan shi da idonsu, ba yara ba ne, da yawansu sun san zaman ya ƙare. Abin da ya faɗa bayan wannan shi ne dalilin wannan takarda, zan rubuta maka shi yadda ya fito daga bakinsa:

“Hajiya, ba ɗaga hannun ne ya tsaya mana a wuya ba. Mutum ya yi mana alkawari a ƙofar masallaci, ya ga ba zai iya cikawa ba, sai ya dawo ƙofar masallacin ya faɗa. Daga bakin 'yan doka muka ji. Muka binne yara, mahaifina kullum yana bakin hanya, duk motar da ta tsaya ya ce ga Na'Allah nan ya zo mana gaisuwa. Da ya zo da mun zage shi, wataƙila ma a jefe shi. Amma da tun a lokacin mun gama da shi.”

Na gaya masa labarin jakar, yadda yake fita tasha yana dawowa. Na ɗauka zai ji sanyi. Ya girgiza kai kawai ya ce, “Mu ba mu ga jaka ba.”

Abba, na dawo gida a taksi mutum biyu sun matse ni, ban ma ji ba. Shekara da shekaru ina auna ƙuri'ar nan, ko daidai ce ko kuskure, ashe mutanen ba nan suke ba. Mahaifina bai ji tsoron Turawa a majalisa ba, amma ya kasa haɗa ido da mutanen da suka shafa masa kai. Ina ganin kunya ce ta riƙe shi a tasha, kuma kunyar ta yi musu ɓarnar da ta kusa kai ta kumandan.

Ba zan ce ka janye ba, ba zan ce ka tsaya ba, kai ba yaro ba ne. Abin da nake roƙonka ɗaya ne. Malam Njidda ya faɗa mini gidajen da suka fi rasa yara, kuma ya ce in ka je gidansa ƙanensa zai raka ka. Ka tafi tsohuwar unguwa ba tare da 'yan jam'iyya ba, ba mota mai lasifika, ba takarda ko ɗaya a hannunka. Ka yi sallama, ka zauna a ƙasa, ka ce kai jikan Na'Allah ne, ka zo ta'aziyya a madadin gidanmu. Kada ka kare shi, kada ka ambaci zaɓe. Wanda ya zage ka ka yi shiru. Da gwiwata za ta kai ni da ni zan je, don ni ya fi kamata.

Allah Ya ba ka ƙarfin zuciya. A gaida Mairama, a ce mata ta yi haƙuri da wannan tsohuwa mai ɗora wa mijinta kaya.

Mahaifiyarka mai ƙaunarka,
Hajara

Briqueterie, Yaoundé
Farkon watan Afrilu

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina kuma yi maka jaje da barka a haɗe. Yaya gajiyar zaɓe, yaya mutanen gida?

Na ji ba ka ci ba. Na san akwai ciwo, ga ɗawainiyar da kuka sha, ga maganganun 'yan jam'iyya da ke cewa kai ka kayar da kanka da ka cire hoton kakanka, ka kuma ɓata kwanakin kamfe kana zaman zaure da tsofaffi. Wataƙila suna da gaskiya ta fuskar ƙuri'a. Ni dai takardar da ka rubuto mini bayan ka je tsohuwar unguwa na fi karantawa. Na yi kuka a wurin da ka ce wani dattijo ya rufe maka ƙofa, da wurin tsohuwar da ta zaunar da kai ta yi ta kiran sunayen 'ya'yan mahaifiyarta tana sa ka maimaita, har ta tabbata ka riƙe. Ba ka gudu ba, ka kai ƙarshen layin. Allah Ya yi maka albarka, Abba.

Yanzu ga nawa labarin. An yi wa Malam Njidda aikin ido, ɗaya ya buɗe tas, ɗayan sai a hankali. Na je duba shi da aka cire masa bandeji. Ƙanensa ya riga ya bugo masa ya gaya masa zuwanka. Bai yabe ka ba, bai kuma kushe ka ba, cewa kawai ya yi an ce ka iya zaman tabarma. Muna cikin hira sai ya tambaye ni shekarun Wakili nawa lokacin da ya ɗaga hannun nan. Na ce bai cika arba'in ba. Ya juya ya dubi ɗansa Hamadu da ke ɗaure akuya a tsakar gida, mutum mai furfura a gemu. Ya ce, “Ashe wannan ma ya girme shi.” Ya ce shi duk rayuwarsa wani babban dattijo yake gani a ransa, wanda ya san komai ya yi musu da gangan.

Ana gobe zai koma ya aiko Hamadu ya ce yana son a kai shi kabarin. Muka tafi da hantsi. Ni na tsaya daga bakin ƙofar maƙabarta kamar yadda aka saba, na kwatanta wa Hamadu wurin, mai gadi ya taimaka musu. Daga inda nake ina hango su. Ya daɗe a tsaye, sannan ya tsuguna da ƙyar, bakinsa yana motsi. Da suka fito na ja Hamadu gefe na tambaye shi abin da tsohon ya ce. Ya ce bayan sallama cewa ya yi, “Na'Allah, ni ne Njidda, ɗan Modu mai taru. Saliha ta rasu. Na zo in gaya maka da bakina.” Daga nan ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo, a ciki ya haɗa sunan mahaifinsa da na Saliha da na kakanka.

Ban tambaye shi ko ya yafe ba, shi ma bai ce ba. A hanyar dawowa ya ce yunwa yake ji, kuma tun da ya zo ake ba shi labarin tsiren Briqueterie bai ɗanɗana ba. Muka tsaya wajen masu gashi, ya ci har yana neman ƙarin yaji, likita ko ya hana ko bai hana ba.

Jiya na raka su tashar jirgin ƙasa. Da zai shiga ya juyo ya ce in gaya wa yaron nan nawa, in ya huce daga faɗuwar, ya zo gidansa ya ci tuwo. Ya ce rijiyar unguwarsu ta daɗe da lalacewa, kuma ba sai mutum ya zama kansila ba kafin ya san ƙofar da ake bugawa. Ka je, Abba. Ka tafi da Lubna, ta ga inda muka fito.

Ka gaida Mairama da kyau, ka gaida yara. Mu'minat tana gaishe ku. Allah Ya jiƙan magabatanmu, na tudu da na ruwa, Ya sada mu da alheri.

Mahaifiyarka,
Hajara Na'Allah